Yadda Ake Tankaɗe da Rairayar Akwatin Imel da Ya Cika Maƙil

Idan ka ga lambar saƙonnin da ba ka buɗe ba ta haura dubu biyar, kada gabanka ya faɗi. Mafi yawansu na'ura ce ta turo su: tallace-tallace, sanarwar Facebook da LinkedIn, rasit, mujallun da ka yi rajista ka manta, tunatarwar manhajojin wurin aiki. Waɗanda ɗan Adam ya zauna ya rubuto maka, yana kuma jiran amsarka, 'yan kaɗan ne da suka nutse a ciki. Aikin da ke gabanka tankaɗe da rairaya ne: a raba tsaki da gari tukuna, karatu da amsa su biyo baya. Duk wanda ya fara buɗe saƙonni ɗaya bayan ɗaya daga sama, kafin ya kai na hamsin ya gaji, wasu sababbi kuma sun shigo.

Kayan aikin da ake buƙata suna nan cikin Gmail da Outlook da Thunderbird, kyauta. Zauna gaban kwamfuta, ka ware sa'a ɗaya zuwa biyu. Waya ba ta dace da wannan sharar farko ba, don manhajar Gmail ta waya ba ta barin ka ƙirƙiri matata (umarnin da ke tace saƙonni da kansa), zaɓen dubban saƙonni a lokaci guda kuma ya fi sauƙi a burauza.

Adanawa daban, gogewa daban

Nan ne mutane suka fi yin asara, don haka sai an fahimce shi kafin a taɓa komai. Maɓallin Archive, wato adanawa, yana ɗauke saƙo daga akwatin shigowa ne kawai. Saƙon yana nan, bincike zai fito da shi, kuma idan aka turo amsa a kansa zai dawo gabanka da kansa. A Gmail za ka same shi a sashen All Mail, a Outlook kuma cikin jakar Archive. Maɓallin gogewa kuwa kwandon shara yake kai shi, Gmail kuma tana zubar da abin da ya kwana 30 a kwandon, zubarwar da babu dawowa.

Akwai wani tarko na musamman a Gmail. Ita laƙabi (Label) take liƙa wa saƙo, ba ta kwafarsa zuwa jaka. Saƙo ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi uku, ka gan shi a wurare uku, amma ƙwaya ɗaya ne. Ka goge shi a ɗaya, ya tafi a duka. Haka nan idan wayarka da kwamfutarka suna haɗe da akwatin ta tsarin IMAP, wanda shi ne aka fi amfani da shi yanzu, abin da ka goge a waya ya goge a ko'ina.

Saboda haka a zagayen farko ka riƙa adanawa. Gogewa ta tsaya kan abin da ka tabbatar talla ne.

Ja layi tsakanin tsoho da sabo

Saƙon da ya yi wata guda ba a amsa ba, galibi ko mai shi ya sake tuntuɓarka ta wata hanya, ko maganar ta wuce. Barin irinsu a gabanka ba ya ƙara komai sai nauyi a zuci. A wurin binciken Gmail rubuta:

in:inbox older_than:30d

Kafin ka kwashe su, ceto masu muhimmanci. Ƙara from: da adireshin shugabanka a wurin aiki, ko na abokin ciniki, ko na bankinka, ka duba abin da ya fito, ka sa wa wanda har yanzu yake buƙatar amsa tauraro. Mutum biyar zuwa goma da ka san maganarsu ba ta wasa ba ce sun isa. Daga nan ka koma binciken farko ka ƙara masa -is:starred don a tsallake masu tauraron.

Yanzu danna ɗan akwatin zaɓi da ke sama. Lura da kyau: abin da ke shafin da kake gani kaɗai ya zaɓa, yawanci 50. Wani layi zai bayyana a sama yana tambaya ko a zaɓi duk abin da ya dace da binciken. Sai ka danna shi dubban za su shiga. Liƙa musu laƙabi ɗaya, misali Tsoho, sannan ka adana. Amfanin laƙabin shi ne idan daga baya hankalinka bai kwanta ba, ka san inda za ka koma ka duba. Idan saƙonnin suna da yawa ƙwarai, Gmail takan ɗauki wasu mintuna tana aikin, lambar kuma ba za ta sauka nan take ba. Ba ta maƙale ba ne, ba ta lokaci.

Ga abin da ke lalata wannan mataki, kuma ba kowa ya san shi ba. Gmail tana haɗa saƙo da amsoshinsa a zare ɗaya. Zaren da aka fara wata biyu da suka wuce, aka kuma turo sabuwar amsa a cikinsa jiya, zai fito a binciken tsofaffi, domin akwai tsohon saƙo a cikinsa. Ka adana shi, amsar jiya ta bi shi. Maganin abin shi ne ka shiga saituna, a sashen General, ka kashe Conversation view kafin ka fara, ka mayar da shi bayan ka gama. Idan a kashe yake, kowane saƙo da kwanan watansa ake auna shi.

A Outlook da Thunderbird abin ya fi sauƙi. Jera saƙonni bisa kwanan wata, danna na farkon tsofaffin, riƙe Shift ka danna na ƙarshe, ka tura su ma'ajiya.

Bi masu turowa, ba saƙonni ba

Abin da ya rage yanzu na wata ɗaya ne, kuma a nan ne ake yin aikin da zai hana akwatin sake cika. Idan ka lura, masu turowa ƙalilan ne ke da kaso mafi tsoka. Yanke hukunci ɗaya a kan mai turowa ya fi yanke hukunci ɗari a kan saƙonninsa.

Outlook da Thunderbird suna barin ka jera saƙonni bisa sunan mai turowa, sai ka ga na kowa a dunƙule. Gmail ba ta da wannan jeri, amma idan ka danna saƙo da ɓangaren dama na linzamin kwamfuta za ka ga zaɓin nemo duk saƙonnin wannan mai turowar. Ga kuma rukunan da ta riƙa ware saƙonni a cikinsu tun 2013, waɗanda ake kira da bincike ko da ka kashe shafukansu: category:promotions na talla, category:social na kafofin sada zumunta, category:forums na zaurukan tattaunawa ta imel, da category:updates na sanarwa. Biyun farko kana iya kwashe su ba tare da dogon nazari ba. Na ƙarshen ka bi shi a hankali, don a can ne rasit da bayanin banki da tikitin jirgi da takardar biyan kuɗi sukan faɗa.

Wata dabara da ta shahara ita ce bincika kalmar unsubscribe, tunda kusan duk saƙon da ake tura wa jama'a da yawa yana ɗauke da ita a ƙasa. Tana aiki, amma ta neman masu turowa ce, ba ta gogewa ido rufe ba. Wasu rasit da sanarwar sauya kalmar sirri su ma suna ɗauke da kalmar.

Kowane mai turowa ɗaya daga cikin uku yake. Ko ba ka son saƙonsa kwata-kwata, ko kana so amma ba yau ba, ko kuma dole ka gan shi da zarar ya shigo. Na ukun ka bar shi yadda yake. Na biyun aikin matata ne. Na farkon ka cire rajista, domin goge saƙonsa kawai kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Wajen cire rajista, yi amfani da maɓallin da Gmail ko Outlook ko Apple Mail ke nunawa a saman saƙon, kusa da sunan mai turowa. Ya fi bin mahaɗin da ke can ƙasa aminci. Tun 2024 Google da Yahoo suka ɗora wa manyan masu turowa sharaɗi: a wajen Google, duk mai tura saƙo sama da 5,000 a rana zuwa adiresoshin Gmail dole ya samar da hanyar fita da dannawa ɗaya a saƙonninsa na talla, ya kuma aiwatar cikin kwana biyu. Dokar Amurka ta 2003 kan saƙonnin talla kuwa ta ba masu turowa kwana goma na aiki. Don haka idan ka ga saƙo ɗaya ko biyu sun biyo baya a cikin makon, ba lallai an yi biris da kai ba ne.

Duk wannan ga kamfanin da ka sani ne, ka kuma tuna ka taɓa ba shi adireshinka. Saƙon da ba ka san mai shi ba, wanda ke cewa ka ci kyauta ko za a rufe asusunka, kada ka danna komai a cikinsa, har da mahaɗin cire rajista. Dannawar tana tabbatar wa mai shi cewa adireshin yana da rai, tana kuma iya kai ka shafin satar kalmar sirri. Kai ƙararsa a matsayin saƙon banza kawai. Sai dai kuma kada ka yi wa kamfanin da kake hulɗa da shi haka don tallarsa ta dame ka, domin kana koya wa akwatin ya tsani saƙonninsa ne, wata rana rasit ɗinka ya bi sahu.

Matata: mai gadin ƙofa

Gmail tana kiranta Filter, Outlook tana ce mata Rule. Umarni ne da kake bayarwa sau ɗaya, a riƙa zartar da shi kan duk saƙon da ya shigo. A Gmail, rubuta binciken da ya kama irin saƙonnin da kake nufi, ka duba sakamakon da idonka ka tabbatar babu baƙo a ciki, sannan ka danna alamar da ke ƙarshen wurin binciken ka zaɓi Create filter. Zaɓi biyu ne suka fi amfani: ya tsallake akwatin shigowa, a kuma liƙa masa laƙabi. A ƙasa akwai ɗan akwatin da ke cewa a zartar da matatar kan saƙonnin da suka riga suka shigo. Idan ba ka cika shi ba, sababbi kaɗai za ta kama.

Matata huɗu ko biyar sun ishi yawancin mutane: ta abin karantawa, ta rasit da harkar kuɗi, ta sanarwar manhajoji, ta zauruka. Ana haɗa masu turowa da yawa a matata guda ta hanyar sa OR da manyan baƙaƙe tsakanin adiresoshinsu. Saƙonnin zaure kuma ana kama su da list: da adireshin zauren. Akwai kuma matata ta kariya, wadda ya kamata kowa ya yi: adiresoshin da ba ka son rasa saƙonsu, ka zaɓa musu Never send it to Spam.

Wuraren da matata ke cin amanar mai ita sanannu ne. Na farko faɗi: wanda ya tace duk abin da ya fito daga adireshin kamfaninsa don ya rabu da sanarwar na'ura, ya haɗa da saƙon shugabansa. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Tace cikakken adireshin na'urar, ba sunan kamfanin gaba ɗaya ba. Na biyu tacewa da kalma ɗaya tilo, wadda za ta iya fitowa a saƙon kowa. Na uku sa wa matata umarnin gogewa tun ranar farko. Bar ta ta yi mako biyu tana adanawa, ka ga abin da take kamawa, sannan ka ba ta wuƙa idan ta cancanta. Na huɗu kuma, sharuɗɗa irin su older_than: da is:starred da label: ba sa kama saƙo mai shigowa, domin a daidai lokacin da ya iso bai tsufa ba, ba shi da tauraro, ba shi da laƙabi.

A Outlook ƙa'idojin suna aiki ne bi da bi daga sama zuwa ƙasa, kuma kowace tana da zaɓin a dakata bayan ta. Ɗora ta mutane masu muhimmanci a sama tare da wannan zaɓi, don kada ta ƙasa ta kwashe saƙonsu. A tsohuwar manhajar Outlook ta kwamfuta, wasu ƙa'idojin ba sa aiki sai manhajar tana buɗe, shi ya sa wani lokaci za ka ga a waya saƙon bai tafi inda aka umarce shi ba. Outlook na burauza yana da wata tsintsiya mai suna Sweep da ta cancanci yabo: kana iya cewa a bar saƙon ƙarshe na wani mai turowa a kwashe na baya, ko a riƙa kwashe duk wanda ya wuce kwana 10. Ga sanarwar da amfaninta ke ƙarewa da fitowar sabuwa, babu kamarta.

Don gaba, Gmail tana karɓar alamar tarawa a adireshi. Idan ka sa +talla bayan sunan adireshinka, kafin alamar @, saƙon zai iso akwatinka kamar kullum, kai kuma ka kafa matata a kan wannan adireshin. Wasu shafukan dai ba sa karɓar alamar a wurin rajista.

Zagayen kullum da madannai

Bayan babbar shara, abin da ya rage shi ne zagaye biyu ko uku a rana, na minti goma zuwa sha biyar kowanne. Merlin Mann, wanda ya yaɗa tsarin Inbox Zero (barin akwatin shigowa babu kowane saƙo) tun wajen 2006, ya taƙaita abin da ake yi wa saƙo zuwa biyar: a goge, a miƙa wa wani, a amsa, a jinkirta, ko a aikata. Abin da ya fi muhimmanci a ciki shi ne kada ka buɗe saƙo ka rufe ba tare da ka yanke masa hukunci ba. Wanda amsarsa ba za ta wuce minti biyu ba, amsa nan take. Wanda ke buƙatar zama, rubuta shi a jerin ayyukanka ko kalandarka da ranar yinsa, ka fitar da shi daga akwatin. Kada ka tsaya yin aikin rabin sa'a a tsakiyar zagaye.

Saurin yana hannun madannai, wato gajerun hanyoyin da ake bi da haruffan allon rubutu. A Gmail a kashe suke zuwa, sai ka kunna su a sashen General na saituna. Harafin j yana kai ka saƙo na gaba, k yana mayar da kai baya. Harafin e yana adanawa, # yana gogewa, r amsa, a amsa wa kowa, f turawa gaba, s tauraro, l laƙabi, b jinkirtawa, x zaɓe, z kuma yana warware kuskuren da ka yi yanzu. Idan ka manta, alamar tambaya tana fito da jerin duka. Ka kuma kunna Auto-advance a sashen Advanced, don da zarar ka adana saƙo na gaba ya buɗe da kansa ba sai an mayar da kai jeri ba. Wannan ƙaramin saiti yana rage ɓata lokaci fiye da yadda ake zato, domin komawa jeri ne ke sa ido ya fara tsince-tsince.

A tsohuwar manhajar Outlook ta Windows, Backspace ke adanawa, Ctrl da R amsa, Ctrl da Q alamar an karanta, Insert kuma tuta. Quick Steps yana haɗa ayyuka da yawa a maɓalli guda, misali a tura wa abokin aiki, a yi alamar an karanta, a kai jaka. A Thunderbird harafin A ke adanawa, J ke kai saƙo cikin na banza.

Jinkirtawa tana da amfani idan akwai dalilin ranar: tikitin da za ka buƙata ranar tafiya, takardar da sai ƙarshen wata za a biya. Wanda kake jinkirtawa karo na uku kuwa, gudun hukunci kake yi, sai ka yanke. Zaren da ake ta amsa wa kowa alhali ba ruwanka, harafin m yana rufe masa baki a Gmail: amsoshin su riƙa wucewa ma'ajiya, sai dai idan an rubuto maka kai kaɗai. Kada ka ɗauka Ignore na Outlook daidai yake da shi, domin shi kwandon shara yake kai zaren da duk abin da zai biyo baya. Amsar da kake maimaitawa kullum kuma ka mayar da ita samfuri: a Gmail ana kunna Templates a sashen Advanced.

Idan wuri ne ya ƙare

Adanawa ba ta rage nauyi ko kaɗan. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos ne ke rabawa. Idan ya cika, saƙo ya daina shigowa. Goge ƙananan saƙonni dubu ba zai taɓuka abin kirki ba, manyan za ka nema: larger:10M yana fito da duk wanda ya haura megabait 10, idan ka ƙara older_than:1y sai ya tsaya kan waɗanda suka shekara. Sauke fayilolin da kake so, ka goge, sannan ka zubar da kwandon shara da hannunka, don abin da ke cikinsa ana lissafa shi har sai ya fita.

Manhajojin waje

Akwai SaneBox da Clean Email da makamantansu, masu ware saƙonni ko cire rajista da yawa a lokaci guda. Wasu suna aiki da kyau. Amma ka san abin da kake bayarwa: izinin leƙa akwatin da ake turo maka hanyar sauya kalmar sirrin sauran asusunka. A 2017 jaridar New York Times ta ruwaito cewa kamfanin da ya mallaki Unroll.me, wata manhajar cire rajista, ya sayar wa kamfanin sufuri na Uber bayanan da aka tattara daga rasit ɗin abokin hamayyarsa Lyft da ke akwatunan masu amfani da manhajar, bayan an cire sunaye. A 2019 kuma Unroll.me ya sasanta da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka kan zargin yaudarar masu amfani da shi. A ganinmu, sai ka gama da kayan cikin gida ka ga sun gaza kafin ka nemi na waje, kuma mai karɓar kuɗi a fili ya fi na kyauta da ba ka san da me yake ci ba. Idan akwatin na wurin aiki ne, nemi izinin masu kula da kwamfutocin wurin tukuna. Idan ka daina amfani da manhaja, share ta daga waya bai isa ba: shiga sashen tsaro na asusunka ka janye izinin da ka ba ta.

Masu taƙaita saƙo da ƙirƙirarriyar basira suna taimakawa wajen gane inda dogon zare ya dosa. Inda akwai kuɗi, ko kwanan wata, ko alƙawari, koma ka karanta ainihin saƙon.

A waya abu biyu kawai za ka gyara. Saita jan yatsa: gefe ɗaya adanawa, ɗayan jinkirtawa, ka cire gogewa daga ciki don yatsa yana zamewa. Sannan rage ƙararrawa: manhajar Gmail tana da zaɓin sanar da kai masu muhimmanci kaɗai, Apple Mail kuma yana da jerin VIP da za ka sa mutanen da saƙonsu kaɗai zai yi ƙara.

Sau ɗaya a mako ka leƙa laƙabobin da matatunka ke zubawa, da kuma jakar saƙonnin banza, wadda ita ma Gmail ke zubarwa bayan kwana 30. Idan ka tsinci saƙon mutum a inda bai kamata ba, kada ka tsaya kan fito da shi kawai. Buɗe matatar da ta kama shi, ka cire adireshin ko ka ƙuntata sharaɗin, idan kuma cikin na banza ya faɗa ka danna Not spam ka ƙara adireshin a matatar kariya.